A kulle kwamfutar gishe, amma mabuɗin ya kwana a Arewa

  

Maganar yau ta kwamfuta ce, ordinatar kamar yadda munka saba ce mata a nan. Kada manomi ko mai talla ya ce ba ruwanshi. In ka taɓa tsayawa layi don amsar kuɗin da ɗanka ya aiko, ko ka sayi magani a farmasi, ko ka je biro neman wata takarda, to akwai ranar da kwamfuta ta tsaya tsakaninka da buƙatarka.

Ku lura in kun je irin waɗannan wurare. Sau da yawa abu guda ne ya cika fuskar kwamfutar daga sama har ƙasa, wato lojisiyel ɗin aikin gidan, abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira manhaja. Wani lojisiyel ɗin ma ya girmi yaron da ke danna shi. Ba hoto ba ado, rubutu ne tsurarshi da lambobi. An girka shi tun zamanin Windows XP ko kafin nan, shi ya san lissafin gidan, kowa kuma na tsoron taɓa shi.

A nan gardama ke tashi. Mai gida ko shefun biro ya ce a kulle kwamfutar, kada ma'aikaci ya iya fita daga wannan lojisiyel ya shiga wani wuri. Ma'aikaci kuma ya ce an maishe shi ɗan kaso, ba a yarda da shi ba. Mu dai ra'ayinmu shi ne a kulle. Kwamfutar da ke riƙe da kuɗin jama'a ko sunayensu ko lafiyarsu ba wurin yawo ba ce. Sai dai kullewar na da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake yawan mantawa: duk wanda ya kulle, ya bar mabuɗi a inda kwamfutar take, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya kulle a ciki.

Bari mu fara da yadda ake fita, don wanda bai san ƙofa ba ba ya iya rufe ta. Windows tun asali an gina ta kamar gida mai ƙofofi da yawa. Ko da lojisiyel ya cika fuska duka, in ka danne Alt ka taɓa Tab, sai ka tsallaka wani wuri. In ka danna maɓallin nan mai tambarin Windows, sai jerin dukan abin da ke cikin kwamfutar ya buɗe. Alt da F4 na rufe lojisiyel ɗin gaba ɗaya. Ctrl da Maj da Échap, kamar yadda aka rubuta su a kan madannan Faransanci da munka fi amfani da su, na fito da akwatin da ake kashe duk abin da ke gudana. Akwai kuma ƙananan ƙofofi da yaran siber sunka fi manya sani: danna Maj sau 5 a jere na fito da wata taga, haka tagar da ke tambayar inda za a ajiye takarda na iya kai mutum cikin dukan ma'ajiyar kwamfutar.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutanenmu ita ce ta ƙarfi. A sa turnubis a ɓamɓare maɓallin Windows da na Tab, ko a ɗiga musu gam. Wannan kamar toshe ƙofar zaure ne da ƙaya alhali katangar baya ta faɗi, don duk wanda ya zo da wasu madannai a cikin jakarshi ya jona, aiki ya lalace. Wasu kuma su sauko da wani ɗan lojisiyel daga intanet wanda ke haɗiye waɗannan maɓallai, ba su san wanda ya rubuta shi ba, ba su san abin da ya ɗauko ba. Kuma ko shi ba ya iya tare Ctrl da Alt da Suppr. Kamfanin Microsoft da gangan ya keɓe waɗannan ukun ga Windows kanta, don kada wani lojisiyel na ɓarayi ya yi shigar burtu ya ce ka rubuta lambar sirrinka. Abin da mai gyara ke iyawa shi ne ya rage abubuwan da ke fitowa bayan an danna su.

Hanyar kirki ba ta buƙatar turnubis. Ana buɗe asusu biyu a kwamfutar, ɗaya na mai kula wanda ke da ikon komai, ɗaya na ma'aikaci wanda ba ya iya girka komai ko canza komai. Sannan a gaya wa Windows cewa in ma'aikaci ya shiga, kada ta buɗe teburin da aka saba gani, ta buɗe lojisiyel ɗin aiki shi kaɗai. Tun Windows 8.1 da ta fito a 2013 akwai tsarin da aka yi musamman don haka, wanda masu Faransanci ke kira mod kiyoske, amma mai sauƙin nashi ba ya ɗaukar tsofaffin lojisiyel. Su sai an bi ta wata hanya da ke cikin nau'in Windows na manyan kamfanoni da na makarantu, ko kuma a gyara saitin ciki da hannu. Bayan haka a hana ramin kile USB karanta komai, a sa lambar sirri a wurin da kwamfuta ke fara tashi don kada a tada ta da wani kile. Masu siber na da sun san Deep Freeze, wanda ke maida kwamfuta yadda take duk lokacin da aka kashe aka kunna. Shi ma yana taimako, in an ware wurin da lissafin gidan zai zauna bai goge ba. Duk wannan aikin yini guda ne ga teknisiyen da ya san hannunshi.

To me ya sa munka ce a kulle?

Dalilin farko layi ne. Tsohuwa ta taso daga ƙauye tun da asuba ranar kasuwa, ta biya kuɗin kabu-kabu, tana tsaye a rana tana jiran jika goma da aka aiko mata, mai gishe kuma ya leƙa wani bidiyo, kwamfutar da dama numfashinta kaɗan ne ta daskare. Minti goma na sake tadawa ba komai ba ne ga mai zama a inuwa. Ga mai neman motar komawa gida kafin la'asar, babban abu ne.

Mu masu aikin rediyo mun fi kowa sanin wannan haɗari. Kwamfutar da ke sakin shirye-shirye a jone take da teburin sauti, duk ƙarar da ta yi, iska ta ɗauka. In wani ya buɗe Facebook ko WhatsApp a kanta, sautin da ya fito zai iya faɗawa tsakiyar sanarwar rasuwa ko wa'azi, kuma abin da ya fita antan ba ya dawowa. Shi ya sa ko a gidan rediyo ra'ayinmu guda ne: kwamfutar antan aikinta antan, mai neman labari ko waƙa ya je ta ɗakin shirye-shirye.

Dalili na biyu cuta ce. Wa bai san ƙwayar nan da ke bin kile USB tana maida takardu gajerun hanyoyi marasa komai a ciki ba? Daga wurin masu tura waƙa a salula zuwa wurin hoto, daga can zuwa biro, haka take yawo. Tsofaffin kwamfutocinmu kuwa ba su da mai yi musu rigakafi. Microsoft ta daina gyaran Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, ta daina na Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ta tsaida gyaran kyauta na yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Ma'ana duk ramin da ɓarayi sunka gano a cikin tsofaffin bayan waɗannan ranaku, yawanci a buɗe yake zama. A watan Mayun 2017 wata ƙwaya mai suna WannaCry ta bi ta hanyoyin sadarwa ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle bayanai tana neman kuɗin fansa. A Ingila an soke ganin likita kusan 19,000, a Faransa kamfanin motoci na Renault ya tsaida aiki a wasu masana'antunshi. Alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. In haka ta faru ga masu injiniyoyi ɗari-ɗari, ina ga kwamfutar da ke kan tebur a wata kwamin, wadda rabonta da mai duba ta tun ranar da aka kawo ta?

Dalili na ukku amana ce. Sunan mutum, na uwarshi da ubanshi, lambar salularshi, nawa aka aiko mashi, wane magani yake sha, duk suna cikin waɗannan na'urori. A garuruwanmu da kowa ya san kowa, in sirrin maganin wata ya fita, aure na iya mutuwa. In aka san ranar da wani ke amsar kuɗi masu nauyi, ana iya tare shi a hanya. Ƙasarmu na da doka a kan haka tun 2017, har da hukumar HAPDP da aka kafa don kare bayanan mutane. Kwamfutar da kowa ke iya jona kile ya kwashe abin da ke cikinta ba ta cika wannan amana ba.

Yanzu mu saurari ɓangaren ma'aikaci, don shi ma yana da gaskiyarshi. Ya ce: kun kulle kwamfuta, salula kuma tana aljihuna, me kunka hana? Gaskiya ne, kullewa ba ta maida malalaci mai himma. Wannan aikin shugabanci ne da albashi da tarbiyya. Amma in ya yi wasa a salularshi, lokaci kawai ya ɓata, cutar da ya kwaso ba ta shiga lissafin jama'a ba. Ya ce kuma: da yawa daga cikinmu a kan kwamfutar biro munka koyi rubutu da lissafi, da taɓe-taɓe munka iya. Wannan ma gaskiya ne, don lokacin da muke kolej da lise, kaɗan ne daga cikinmu sunka taɓa kwamfuta da hannunsu. Amsar ita ce a ware ta koyo. Kwamfutar lakwal da ta ɗakin karatu da ta gidan samari, kada a ɗaure su da igiya guda da ta gishe. Can a bar yaro ya buɗe, ya ɓata, ya gyara, a sa abin da ke maida ta daidai in an kashe an kunna. Shugaban da ya kulle kwamfutar ɗalibai a kan darasi guda don tsoron kada ta lalace, kamar wanda ya sayi garma ne ya rataye ta don kada ta yi ƙasa.

Inda munka fi damuwa shi ne wurin da kullewa ke juyewa ta zama cuta, kuma wurare ukku ne.

Na farko, mabuɗi a Yamai. Proje ya zo, an girka na'ura, an kulle, an yi hoto, an tafi. Bayan shekara biyu ko ukku proje ya ƙare, teknisiyen ya canza aiki, lambar da ya bari ba ta shiga. Ranar da imprimanti ta mutu aka sayo sabuwa, ba mai ikon girka ta. Ranar da ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ya ƙare, kwanan wata ya koma baya da shekaru, resi na fita da ranar ƙarya, ba mai ikon gyarawa. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai sama da kilomita 270 ne a kan babbar hanya, balle wanda ke Sukukutan ko Dogon Kirya. Sai a rufe gishe kwana da kwanaki saboda aikin minti biyar. Ku tuna lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a farkon Agustan 2023, ba ta dawo da ita ba sai Maris na 2024. Kwamfutar da wuta ke ɗaukewa tana cikin rubutu, bayananta na iya tsagewa, kuma tsofaffin lojisiyel sun fi raunin haka. A irin wannan lokaci ne ake gane bambancin biron da ke da mai mabuɗi a gari da wanda ke jiran mota daga babban birni.

Na biyu, kullewa da ke rufa wa tsohon lojisiyel asiri. Akwai dalilin da ya sa ake manne wa tsohuwar na'ura: lojisiyel ɗin zamanin DOS ba sa tashi kai tsaye a kan Windows ta yanzu mai lamba 64, kuma Windows 11 ba ta da wani nau'i sai shi. Don haka mai gida ke lallaɓa tsohuwar kamar tsohon jaki, yana addu'a kada ta faɗi. Kullewa na ƙara mata kwana, wannan alheri ne. Amma ba ta toshe ramukan Windows da aka daina gyarawa, ba ta hana faifan ajiya mutuwa, kuma zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba su san an kulle ba. In lissafin shekara goma na cikin faifai guda, ba kwafi a wani wuri, ba hanyar fitar da shi zuwa wani lojisiyel, to gidan ya zuba hatsinshi duka a rumbu guda da gara ta fara ci. Ga shi kuwa akwai mafita. Ana iya tada tsohon lojisiyel a cikin sabuwar kwamfuta ta hanyar abin da ke kwaikwayon tsohuwa, irin su DOSBox ko VirtualBox, kafin a samu halin canza shi gaba ɗaya.

Na ukku shi ne mafi nauyi: wa ake kamawa in lissafi bai cika ba? A nan muna roƙon ku saurari abin da ya faru a Ingila. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara girka wani lojisiyel mai suna Horizon, na kamfanin Fujitsu, a ƙananan rassanta. Masu riƙe da rassan ƙananan ƴan kasuwa ne, kamar masu riƙe da gishen aika kuɗi a garuruwanmu. Kwantaraginsu ya ɗora musu biyan duk giɓin da aka gani. Lojisiyel ɗin ya riƙa nuna giɓin da babu shi. Su ba su da ikon leƙa cikinshi su ga inda kuskuren yake, hukumar kuma ta dage cewa na'ura ba ta kuskure. Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa sama da mutum 900 hukuncin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi kaso, wasu sun saida gidajensu don cike giɓi, akwai waɗanda sunka mutu kafin a wanke su. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai a ƙarƙashin jagorancin Alan Bates sun kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar cewa lojisiyel ɗin na da kurakurai. Ta kuma bayyana cewa ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin rassa daga nesa, abin da aka daɗe ana musantawa. A 2024 majalisar dokoki ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Ku duba: an rufe wa ma'aikaci ƙofar gaba, an bar ta baya a buɗe ga wasu, laifi kuma na wanda aka rufe.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka, su Kangiwa da Argungu da Birnin Kabi, sun san jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, wadda tun 2015 ake yin ta gaba ɗaya a kwamfuta. Ɗalibi na zaune gaban fuskar da ba ya fita daga cikinta, kuma haka ya kamata, in ba haka ba satar amsa za ta yi yawa. Amma a watan Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban ƴan jarida da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Ya kyauta da ya faɗi gaskiya. Darasin dai shi ne, tsare ɗalibi a cikin lojisiyel bai sa lojisiyel ɗin ya zama ma'asumi ba. Hausawa sun ce in kusu na da sata, daddawa ma na da wari.

Ba muna cewa duk giɓin gishe laifin na'ura ba ne. Akwai masu hannu, mun sani kun sani. Abin da muke cewa shi ne, yaron da aka kulle a cikin lojisiyel, ba ya ganin komai sai abin da aka nuna mashi, bai kamata a zaftare albashinshi ko a kai shi jandarmeri da hujjar fuskar kwamfuta ita kaɗai ba.

Saboda haka ga abin da muke nema daga masu gidajen kasuwanci, da shugabannin kwamin-kwamin, da ƙungiyoyin da ke kawo mana na'urori.

Duk kwamfutar da aka kulle, a samu mutum biyu a garin da ke da ikon buɗe ta, a rubuta lambar sirrin mai kula a sa cikin ambulan a liƙe, a ajiye wurin shugaban gidan. In an buɗe ambulan a rubuta rana da dalili, a canza lambar. Proje da zai tafi, miƙa mabuɗi da faifan girkawa da takardar bayani ya zama cikin sharuɗɗan rufe shi, kamar yadda ake miƙa mabuɗin mota.

Kowane yamma a kwafe bayanai zuwa wani faifai da ba ya kwana ɗaki guda da kwamfutar, kuma lokaci-lokaci a gwada a ga kwafin na buɗewa. Tsohuwar kwamfutar da ba ta buƙatar intanet don aikinta, a cire ta daga rezo gaba ɗaya. A sa mata ondilar, ko ƙarami ne, don ta samu ta rufe aikinta in kuran ya tafi.

Kowane ma'aikaci ya samu sunan shigarshi da lambarshi, kada mutum huɗu su riƙa shiga da suna guda, ranar rigima a rasa wanda ya yi me. A ba shi ikon buga lissafin yininshi a takarda, ya sa hannu, ya riƙe kwafi. In akwai wanda ke iya shiga daga nesa, a gaya mashi, kuma duk shigar ta bar sawu. A rubuta a manna a bango: in lojisiyel ya tsaya, wa za a kira, kuma da wane kaye za a ci gaba da yi wa jama'a aiki kafin a gyara. Kayen nan da biro da munka gada ba abin kunya ba ne, shi ke hana a ce wa tsohuwa ta dawo gobe.

A kuma gaya wa ma'aikaci dalilin kullewar baki da baki. Mutumin da ya san cewa an kulle ne don kare shi daga zargi da kare jama'a daga asara, ba zai ɓata wuni yana neman ƙofar baya ba. Wanda ya wayi gari ya tarar an kulle ba bayani, shi ne zai kira abokinshi na siber.

Ga matasanmu da sunka karanta ilimin kwamfuta a Yamai ko Dosso ko Maraɗi suna zaune ba aiki, ga aiki nan. Departama biyu, kwamin goma, kowace da birorinta da shagunanta. In shugabanninmu sunka ɗauki ko mutum guda a kowane departama da kwantaragin zagaye yana duba na'urori duk wata, kuɗin ba zai kai na kiran mota daga babban birni sau biyu ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mashi.

Kafin mu rufe, ga ɗan guzuri ga masu salula, don wannan dabara tana aljihunku. A wayoyin Android, tun 2014 akwai saitin da ke maƙale fuska a kan abu guda, galibi yana cikin sashen tsaro. In ka kunna shi, kana iya miƙa wa yaro ko baƙo wayarka ya kalli hoto ko ya yi kira, ba zai iya fita ya shiga saƙonninka ba sai da lambarka. Masu iPhone ma suna da irin shi. Ku gwada, za ku ji daɗinshi. Ku kuma lura da dalilin da ya sa ba ya tada muku hankali: lambar buɗewa tana wurinku.

Masu aikin gishe, sakatarori, masu farmasi, mushen lakwal da ke kula da ɗakin kwamfuta, ku gaya mana yadda abin yake a wurinku, ba sai kun kama sunan kowa ba. Za mu ɗauki maganar mu kai ta antan tare da masu gyara, a ji ta bakin kowa. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi tsare mu da zargin abin da ba mu yi ba.